Shirin Zaune Ya Fi Na Tsaye: Daga Hartum Da Umdurman Zuwa Ƙarƙashin Bahar Maliya



Da wuya a sami gidan Bahaushe da ba a taɓa ambaton Bahar Maliya a cikinsa ba. Ita ce ruwan da kakanninmu suka tsallaka zuwa Makka, kuma ita ce iyakar nisa a bakin tsofaffi idan suna ba da labari. Su samanta suka sani, da igiyar ruwanta da kwale-kwalenta. A yau kuwa ƴaƴansu sun fara leƙa cikinta. Saurayi zai tafi umra ko fatauci ko karatu, ya sauka Jidda ko wani gari na gaɓar Masar, ya ga allo an rubuta cewa da kuɗi kaɗan za a goya masa tukunyar iska a nutsa da shi ya ga kifaye da murjani. Sai ya biya, ya shiga, alhali ko iyo bai iya ba, kuma washegari jirginsa zai tashi.

Saboda irin wannan saurayi, da kuma iyayen da suka bar shi ya tafi, muka ga ya dace mu ba da labarin yadda mu huɗu muka shirya wa nutso a ruwan Sudan a watan Fabrairu na shekarar 2017. Kwana tara muka yi a Hartum da Umdurman kafin mu ga teku, kuma a waɗannan kwanaki tara aka yi mafi yawan aikin. Garuruwan da za mu bayyana yaƙi ya sauya musu kamanni tun 2023, za mu zo kan wannan. Amma darasin da muka ɗauko a cikinsu yana nan, yana aiki a kowace gaɓa ta duniya.

Hanyar da aka riga mu bi

Mun taso daga Yamai a jirgin sama, muka sauya jirgi a Addis Ababa, muka kwana a Hartum. Tafiyar da ta ɗauke mu ƙasa da kwana ɗaya ita ce wadda magabata ke yi a shekaru. Daga Kano ko Damagaram sai Borno, sai ƙetaren Cadi ta Abeshe, sai Junaina da Fashir a Darfur, sai Ubayyid, sai bakin Nilu, daga nan sai Sawakin inda ake jiran jirgin ruwa. Guzuri yakan ƙare a hanya, sai mutum ya tsaya ya yi noma ko ƙwadago har ya tara na gaba. Bayan an buɗe gandun audugar Jazira a 1925, dubban mutanenmu sun yi aiki a cikinsa da niyyar tara kuɗin hajji. Wasu sun isa sun komo, wasu sun isa sun zauna, wasu kuwa jikokinsu ne suka cika musu niyya.

Akwai kuma waɗanda hijira ta kawo. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a gabas, har suka kafa garin da ake kira Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar. Mutanen Sudan na kiran dukan ƴan yamma da sunan Fallata ko Takari. Shi ya sa baƙo daga Maraɗi ba ya daɗewa a Hartum bai ji Hausa ba. Ko naman tsiren da ake sayarwa da yamma a bakin titi, sunansa a bakin Larabawan garin agashe, kalmar da ba ta bukatar fassara a wurinmu.

Mai masaukinmu ɗan'uwan ɗaya daga cikinmu ne, yana karatu a Jami'ar Ifriƙiya ta Duniya, wadda ta tara ɗalibai daga Nijar da Nijeriya da sauran ƙasashen Afirka. Shi ya zama idonmu da bakinmu a ofisoshi.

Garuruwa uku, koguna biyu

Abin da ake kira Hartum garuruwa uku ne da ruwa ya raba, gadoji suka haɗa: Hartum ta gwamnati da ofisoshi, Bahri ta masana'antu a arewa, da Umdurman ta kasuwa da tarihi a yamma. A tsakiyarsu akwai wurin da ake kira Mugran, inda Farin Nilu mai tasowa daga yankin tafkin Biktoriya yake haɗuwa da Shuɗin Nilu mai gangarowa daga duwatsun Habasha. Wanda ya tsaya a bakin ya duba zai ga launuka biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa kafin su gauraya. Wasu mutanen garin suna riƙe da cewa nan ne mahaɗar ruwaye biyu da aka ambata a ƙissar Annabi Musa da Halliru, ko da yake malaman tafsiri sun kawo wasu wuraren daban. A gaban mahaɗar akwai tsibirin Tuti, wanda a lokacin yake cike da gonakin lemo da ganye a tsakiyar birni.

Mutum zai ɗauka garin da ke da wannan ruwa nan ne wurin koyon iyo. Mai masaukinmu ya hana mu tun ranar farko. Shuɗin Nilu yana da jan ruwa a ƙarƙashi wanda ba a ganinsa daga sama, yana cin ƙwararru ma, balle baƙo. Inda ruwan ya kwanta kuma akwai tsargiya, cutar fitsarin jinin nan da muka sani a tabkunanmu. Kogi ya zama na kallo da shan iska, koyo kuwa sai a tafkin wanka na wani kulob, inda ake biya da awa.

Takardu da guzuri

Kwana uku na farko takardu suka cinye. Doka a lokacin ita ce baƙo ya yi rajistar fasfonsa wurin ƴan sanda cikin kwana 3 da shigowarsa. Bayan wannan sai takardar izinin fita daga Hartum zuwa wasu jihohi, haɗe da izinin ɗaukar hoto, wadda ake karɓa a ma'aikatar yawon buɗe ido. An shawarce mu mu yi mata kwafi da yawa, domin kowane shingen hanya yakan riƙe ɗaya. Ranakun hutu Juma'a ne da Asabar, wanda ya sauka ranar Alhamis da yamma sai ya lissafa da kyau. Katin rigakafin shawara kuma tun a filin jirgi ake tambayarsa.

Sai maganar kuɗi. Saboda takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan tun 1997, katin banki na waje ba ya aiki a ƙasar a lokacin. Duk abin da mutum zai kashe, daga kuɗin jirgin ruwa har na shayi, sai ya shigo da shi a hannu, dala ko yuro, sababbin takardu marasa yagewa. Wannan ya tilasta mana abin da ya kamata kowane matafiyi ya yi ko ba a tilasta masa ba: mu zauna da biro da takarda mu lissafa komai, mu ware na komawa gida a wani aljihu da ba a taɓawa.

A cikin lissafin akwai abu ɗaya da mutanenmu suka fi ƙyashin biya, wato inshora. Inshorar tafiya ta yau da kullum sau da yawa ba ta ɗaukar haɗarin nutso. Akwai ƙungiyoyin da wannan ne aikinsu, mafi shahara ita ce DAN. Wanda nutso ya yi wa illa maganinsa shi ne a sa shi a wani ɗaki na ƙarfe mai matsin iska na awoyi, kuma irin wannan ɗaki ba a kowane gari yake ba. Kafin a biya kowa ko dala, a tambaye shi: ina ɗakin matsin iska mafi kusa, awa nawa ne zuwa can, kuma akwai iskar oksijin a cikin jirginku? Wanda ya yi ƙwauron amsa, a nemi wani.

A gaban likita

Rana ta huɗu muka je wurin likita, kuma a nan tafiyar ɗaya daga cikinmu ta sauya. Ɗan'uwan namu yana da fuka tun yana yaro, takan tashi masa da hunturu. Likita ya saurari ƙirjinsa, ya sa shi ya hura a na'ura, sannan ya ce masa kai tsaye ba zai sa hannu ba. Dalili kuwa, huhun da hanyoyinsa ke tsukewa yana iya riƙe iska yayin da mai nutso ke tasowa, iskar ta kumbura ta yaga shi. Ransa ya ɓaci ƙwarai, ga kuɗin jirgi ya riga ya kashe. Amma ya bi mu har teku, ya yi kallonsa daga saman ruwa da gilashin fuska da ɗan bututun numfashi, kuma ya koma wa matarsa da ƴaƴansa da ƙafafunsa.

Cututtukan da ake tambaya sanannu ne: fuka, farfaɗiya, ciwon zuciya, hawan jinin da ba a shawo kansa ba, ciwon sukari, fashewar dodon kunne, da tsohon ciwon huhu irin na tarin fuka. Mace mai ciki ba ta nutso ko kaɗan. Akwai kuma wadda ta fi shafar mu mutanen Sahel, wadda masu cibiyoyin nutso a ƙasashen waje ba kullum suke tunawa da ita ba, wato sikila, wadda a nan muka fi sani da emasi. Mai wannan cuta nutso da tukunya ba nasa ba ne, domin sanyi da ƙishirwa da ƙarancin iska su ne ke tayar da ita. Wanda yake ɗauke da rabinta kawai, shi ma ya gaya wa likita. Wanda bai san rukunin jininsa ba ya yi gwaji tun a gida, a Yamai akwai cibiyar ƙasa ta wannan cuta.

Likitan ya ƙara mana biyu. Na farko, wasu magungunan rigakafin zazzaɓin sauro, irin su meflokin, suna iya kawo jiri da ruɗewa masu kama da alamun ciwon nutso, saboda haka a gaya wa mai rubuta magani abin da za a je yi. Na biyu, mai mura ba ya nutso, domin idan hanci ya toshe kunne ba ya daidaita. Wannan kuwa jan kunne ne a Hartum ta watan Fabrairu, mai ƙura da sanyin asuba kamar hunturunmu. Daga ranar muka riƙa rufe hanci da rawani, muka rage ruwan ƙanƙara, muka koma wa zoɓo da tsamiya da kuka, waɗanda su suke kira karkade da aradeb da gongoles.

Abin da ruwa ke yi wa jiki

Biyu daga cikinmu sun riga sun sami takardar shaidar nutso ta matakin farko a Gardaƙa ta Masar, na uku kuwa sai a gaɓar Sudan zai yi tasa jarrabawar. Sharaɗin shigarta shi ne mutum ya yi iyon mita 200 ba tsayawa, ya kuma tsaya a kan ruwa minti 10 ba ya taɓa komai. Ga mutumin da ya tashi inda ruwa a rijiya yake, wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Kullum da hantsi muna tafkin wanka, da dare kuma muna bitar littafi a tsakar gida, kamar yadda ake tilawa.

Ga taƙaitaccen abin da ke cikinsa, domin iyaye ma su san abin da ƴaƴansu ke shiga. Iskar da ke kanmu a doron ƙasa tana da nauyi, mun saba da shi ne kawai. Kowace mita 10 ta ruwan teku tana ƙara kwatankwacin wannan nauyi. A mita 10 matsi ya ninka biyu, a mita 20 ya ninka uku, a mita 30 ya ninka huɗu. Iskar da mutum ya shaƙa daga tukunya a mita 10, idan ya riƙe ta ya taso, za ta ninka girmanta biyu a cikin ƙirjinsa. Daga nan doka ta farko ta fito: mai nutso ba ya riƙe numfashi, ko da daƙiƙa ɗaya.

Ta biyu ta shafi iskar naitirojin, wadda a lakwal muka karanta da sunan azot, kuma ita ce kusan kashi 78 cikin 100 na abin da muke shaƙa. A ƙarƙashin matsi tana narkewa cikin jini da tsoka. Idan aka taso a hankali, takan fita ta numfashi ba a sani ba. Idan aka taso da gaggawa, sai ta yi kumfa cikin jiki, kamar kwalbar lemon da aka girgiza aka buɗe. Kumfar na iya tsayawa a gaɓa ta kawo ciwo, tana iya tsayawa a laka ta shanye ƙafafu, tana iya kashewa. Shi ya sa ake tasowa a hankali, kimanin mita 9 zuwa 10 a minti, a kuma tsaya a mita 5 na tsawon minti 3 kafin a fito. Mai matakin farko ba ya wuce mita 18. Daga wajen mita 30 kuwa wannan iska tana sa maye, mutum ya rasa hankalinsa bai sha komai ba.

Sauran dokokin gajeru ne. Tukunya takan ɗauki lita 12 a matsin ba 200, kuma ana fitowa da ba 50 a ciki, ba a jira ta ƙare. Ba a nutso mutum ɗaya, kowa da abokinsa, kowa ya duba kayan ɗan'uwansa kafin a faɗa ruwa. Magana da hannu ake yi, kuma ɗaga babban yatsa a can ma'anarsa mu tashi sama, lafiya lau kuwa sai a haɗa babban yatsa da manuni a yi zobe. Bayan nutso ɗaya ba a hawa jirgin sama sai an yi awa 12, bayan nutso da yawa awa 18, masu hankali sukan cika 24, domin iskar cikin jirgi ta fi ta ƙasa sauƙi, kumfar na iya tashi a can. Wannan ita ce dokar da ɗan umra mai gaggawa ya fi karyawa.

Juma'a a Umdurman

Ranar Juma'a muka tsallaka gadar Farin Nilu. Umdurman gari ne na jar ƙasa da gajerun katangu, wanda ya fi kama da Katsina ko Birnin Damagaram fiye da maƙwabciyarsa. Ƙaramin ƙauye ne kafin Muhammadu Ahmad, wanda aka sani da Mahadi, ya ci Hartum a watan Janairu na 1885. Ya rasu a watan Yuni na wannan shekara, Halifa Abdullahi ya gaje shi ya mayar da garin hedkwatar daula, har zuwa yaƙin Karari na 2 ga Satumba 1898, lokacin da rundunar Kicina ta karya ta. Mun ga ƙubbar Mahadi mai launin azurfa, wadda aka sake ginawa a 1947, da gidan Halifa da aka mayar gidan tarihi. Labarin bai yi nisa da mu ba, domin Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, yana cikin waɗanda suka amsa kiran Mahadi daga yamma.

A babbar kasuwar garin muka kammala sayayya: rawani da hula saboda rana, dabino, citta saboda hajijiyar teku, da ƙaramar tabarmar salla. Kayan nutso kuwa, gilashin fuska da agogon lissafin zurfi kaɗai muka zo da namu, saura haya ne a gaɓa. Gilashi shi ne abin da ya fi dacewa mutum ya mallaka, domin wanda bai zauna wa fuska ba ruwa zai yi ta shiga. Gwajinsa mai sauƙi ne: a ɗora shi ba tare da igiya ba, a ja iska da hanci, idan ya manne ya yi.

A layin masu turare muka sami wani dattijo yana Hausa irin ta da, mai gauraye da Larabci. A Jazira aka haife shi, mahaifinsa Bagobiri ne da ya fito hajji a ƙasa. Da muka gaya masa inda za mu, ya dube mu ya ce, "Ƴaƴana, mu tsallakawa muka sani. Ku kuma cikinta za ku?" Muka ce, "Haka ne, Baba Alhaji, amma da shiri." Ya ce mahaifinsa shekara bakwai ya yi yana shirin kwana biyu a kan wannan ruwa, saboda haka kwana tara bai yi mana yawa ba. Ya yi mana addu'a, ya ƙi karɓar kuɗin turaren.

Da la'asar sakaliya muka je maƙabartar Shaihu Hamad an-Nil, inda ƴan Ƙadiriyya ke zikirin Juma'a har faɗuwar rana, cikin riguna kore da ja, da bandiri da hayaƙin turare. Daga nan muka gangara Maurada, unguwar masunta, muka ci soyayyen kifi a bakin kogi.

Salla, azumi da sutura

A lokacin, jiragen nutso na Sudan mako guda suke yi a teku ba su taɓa gaɓa ba, kuma mafi yawan baƙinsu Turawa ne, matuƙan kuwa Musulmi ne ƴan ƙasa. Mun tambaya tun daga Hartum ko wane ne mai dafa abinci, ko kuma akwai wurin salla, muka sami amsa mai daɗi. Ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi. Alƙibla daga wannan gaɓa arewa maso gabas take, Jidda tana tsallake, kimanin kilomita 300. Maganar ƙasaru kuwa a tambayi malami kafin a tashi, domin a mazhabar Maliku akwai bayani na musamman kan tafiyar da aka yi domin shaƙatawa kawai. Azumi da nutso ba sa jituwa, saboda ƙishirwa na ƙara haɗarin kumfar nan, mafi alheri a tsara tafiya a wajen Ramadan. Rigar nutso tana rufe jiki duka amma tana matsewa, ana iya ɗora sakakkiya a kai yayin da ake cikin jirgi, kuma mace na da ikon neman mace ta koya mata.

Abin da ke ƙarƙashi

Daga Hartum zuwa Bur Sudan ta Atbara ya haura kilomita 800. Hanyar ta bi ta kusa da dalolin Marawi na Bajarawiya, ta ratsa hamada, ta hau duwatsun Bahar Maliya a wajen Sinkat, sannan ta gangara gaɓa. Wannan hawan ma lissafi ne a dawowa, domin tudu mai tsawo yana yi wa jikin mai nutso irin abin da jirgin sama ke yi, sai an huta kwana guda. Turawan Ingila suka kafa Bur Sudan a 1905 ta maye gurbin Sawakin, tsohon garin da aka gina da dutsen murjani.

Ruwan ya fi yawancin tekuna gishiri, kusan giram 40 a lita, yana ɗaga mutum sama, sai an ƙara dalma a ɗamara. Wurare uku suka fi suna. Sanganib, tsibirin murjani mai hasumiyar fitila, kimanin kilomita 25 daga gaɓa, wanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2016. Sai Umbriya, jirgin Italiya mai tsawon kusan mita 150, wanda matuƙansa suka nutsar da shi da gangan a watan Yuni na 1940 don kada Ingila ta ƙwace shi, yana ɗauke da bama-bamai kimanin 360,000 da har yau suke jibge a cikinsa. Sai Sha'ab Rumi, inda Bafaranshen nan Kusto, wanda shi da injiniya Ganya suka ƙera na'urar numfashin nutso a 1943, ya kafa gida a ƙarƙashin ruwa a 1963, mutanensa suka zauna wata guda a zurfin mita 10. Rumfar da suka bari tana nan, murjani ya lulluɓe ta. Mu ba mu wuce mita 18 ɗinmu ba, kuma abin da muka gani a cikinta na launi da halitta ya ishi mai hankali tasbihi.

Bayan 15 ga Afrilu 2023

A wannan rana, cikin watan azumi, yaƙi ya ɓarke a tsakiyar Hartum tsakanin sojojin ƙasa da dakarun RSF. Filin jirgin da muka sauka ya zama fagen fama. An wawashe gidan tarihi na ƙasa, wuta ta ci sassan kasuwar Umdurman, mutanen Tuti sun sha ƙawanya. Ɗaliban Nijar da Nijeriya sun fita a motoci, wasu ta iyakar Masar, wasu ta Bur Sudan. Hanyar da muka bi da takardun yawon buɗe ido ta cika da masu gudun rai, jiragen ruwa suna kwasarsu zuwa Jidda. Gwamnati ta koma Bur Sudan, sojoji suka sake karɓe Hartum a watan Maris na 2025, a watan Mayu kuma jirage marasa matuƙa suka kai hari Bur Sudan kanta. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta waɗanda yaƙin ya raba da gidajensu da fiye da miliyan 11, kuma a cikinsu akwai jikokin waɗannan mahajjata namu.

Saboda haka ba mu shawartar kowa ya nufi Sudan da sunan hutu sai zaman lafiya ya tabbata. Wanda ke da sha'awar ganin cikin Bahar Maliya, ruwan ɗaya ne a Jidda da Yanbu na Saudiyya, da Gardaƙa da Marsa Alam da Dahab na Masar. Ya fara da koyon iyo tun a gida. Ya san jininsa da ƙirjinsa. Ya ware kwana 3 ko 4 ya yi karatun matakin farko a hannun malami mai takardar shaida, ya biya inshora, ya bar kwana guda tsakanin nutsonsa na ƙarshe da jirginsa. Ya kuma gaya wa iyayensa da iyalinsa gaskiyar abin da zai yi, domin rai amana ne kuma suna da haƙƙi a cikinsa. Iyaye kuma, idan yaro ya zo da wannan magana, ku tambaye shi waɗannan abubuwa ɗaya bayan ɗaya, wanda ya kasa amsawa bai shirya ba.

Daga cikin kuɗin hutun kuma a cire wani abu a aika wa mutanen Sudan ta hannun amintattu. Sun ciyar da kakanninmu a hanyar Makka, sun karantar da ƙannenmu, yau su ke bukata. Allah Ya kashe wutar fitina a ƙasarsu, Ya mayar da kowa gidansa, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya kai matafiyanmu lafiya Ya komo da su lafiya.